Kwanon Majinyaci: Yadda Ciyar da Mai Gyambon Kwanciya Ta Sauya a Minna

Da la'asar, lokacin da ake buɗe wa 'yan dubiya ƙofa, titin da ya bi ta gaban Babban Asibitin Minna kan cika da Keke Napep da 'yan acaɓa suna sauke mata da kwanduna. Wanda ya leƙa kwandunan zai ga kusan abu guda ne: fulas ɗin ruwan zafi, kular kunu ko koko, burodi, lemon zaƙi, ayaba, sai kwalaben Maltina biyu ko uku a baƙar leda. Waɗanda suka taso daga ƙauyukan Paiko ko Shiroro sukan riƙo doya, a dafa a gidan wani ɗan'uwa a cikin gari, a kawo da ɗan manja.

Zumunci ne ya haɗa kayan nan, kuma ga mai zazzaɓin da za a sallama jibi sun wadatar. Akwai dai wasu majinyata da kayan ba su kai musu ko'ina ba. Su ne waɗanda ba sa iya juya kansu a kan gado: dattijon da hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki, direban da ya karye a gadon baya a hanyar Suleja, tsohuwar da ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu. Su gyambon kwanciya ke kamawa.

Wannan gyambo ba daga waje yake shigowa ba. Nauyin jikin mutum ne ke danne fata da tsoka tsakanin ƙashi da katifa, ƙananan hanyoyin jini su toshe, naman wurin ya rasa iska da abinci, ya mutu. Mai lafiya ko yana barci yana ta motsi bai sani ba. Wanda jikinsa ya shanye kuwa inda aka ajiye shi nan za a same shi, kuma 'yan awanni sun isa ɓarnar ta soma. Wuraren da ya fi so sanannu ne: ƙashin da ke saman ɗuwawu, diddige, kwatangwalo, idon sawu, allon kafaɗa, gwiwar hannu, ƙeya. Littattafan koyon jinya da aka rubuta a Turai sun ce alamar farko ita ce fata ta yi ja. A baƙar fata jan ba ya fitowa. Wurin ne zai yi duhu ko sheƙi, ya yi tauri, ya fi kewayensa ɗumi, don haka sai an kai hannu an taɓa ake ganewa. Likitoci sun kasa shi mataki huɗu, kuma a na huɗu ramin yakan zurma har a hango ƙashi. Babban gyambo kullum cikin tsiyayar ruwa yake, ruwan kuwa da furotin yake fita, wato sinadarin da jiki ke gina tsoka da fata da shi. Ga mutum ba ya iya ci sosai, ga abin da ya ci yana zurarewa ta baya.

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa rauni ci yake so. A duba yadda ake yi wa 'yan shayi a da. Ana bari sai kaka ta yi, hatsi ya shigo gida, hunturu ya kankama, sannan wanzami ya zo. Yaran suna kwance a ɗaki guda, gwaggo ta aiko da kaza, kawu ya kawo tsire, ga ƙwai ga fura da nono, har yaron da bai isa ba ya riƙa kwaɗayin ranar da za a yi masa. A duba mai jego kuma. Kwana arba'in ana ɗura mata kunu, ga ƙauri da aka dafa ya yi luguf, ga gasasshen nama da yaji, uwa ko kaka na zaune a kanta tana cewa, "Ci mana, 'yar nan, jikinki ɗanye ne." Ba duk abin da ke cikin al'adar ne daidai ba. Binciken da likitoci Davidson da Parry suka yi a Zariya a shekarun 1970 ya danganta yawan kanwa da zafin wankan jego da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Sai dai a batun nama da nono ga mai ɗanyen jiki, tsofaffin mata sun riga ɗakin gwaji gano gaskiya.

To me ya sa wannan sani bai bi majinyaci zuwa gadon asibiti ba? Dalili na farko, shayi da jego sha'anin murna ne, kuma kowanne da ranar ƙarewarsa. An san za a tashi, an san abin da za a kashe. Na biyu ya fi nauyi: al'ada ba ta tanadi komai ba domin mai doguwar kwanciya, saboda a da irinsa ba ya daɗewa. Wanda ya karye a laka, kafin zuwan maganin kashe ƙwayoyin cuta da robar fitsari, kwanakinsa ƙididdigaggu ne. Ba a ƙasar Hausa kaɗai ba. Likitan nan na Amurka, Harvey Cushing, ya ba da rahoton cewa a Yaƙin Duniya na Ɗaya kusan kashi 80 cikin 100 na sojojin Amurka da suka ji rauni a laka sun mutu cikin makonnin farko. Majinyacin da zai yi wata shida a kwance yana raye, asibitin zamani ne ya samar da shi. Abin da kakanni suka bari na cimar mara lafiya kuwa na mai zazzaɓi ne da mai ciwon ciki: abu mai ruwa-ruwa, marar nauyi, wanda zai wuce maƙogwaro ba wahala. Kunun tsamiya, koko, farau-farau.

Minna kanta garin baƙi ce, kuma hakan ya shafi labarin. Gwarawa ne a kan duwatsunsu kafin Turawa su ja layin dogo daga Baro, a bakin kogin Kwara, zuwa Kano. An soma aikin a 1907, jirgi ya shiga Kano a 1911, a 1912 kuma layin da ya taso daga Ikko ta Jebba da Zungeru ya haɗu da shi a Minna. Leburorin da suka yi aikin, da yawansu Nufawa da Gwarawa ne da aka sa sarakuna da hakimai su tattaro su, ba don suna so ba. Bayansu sai ga ma'aikatan jirgi Yarbawa da Ibo, ga fatake Hausawa, kowa ya baro danginsa a nesa. Leburan da ya kwanta ciwo a irin wannan gari ba shi da gwaggon da za ta aiko da kaza. In asibiti bai ciyar da shi ba, sai dai mai masauki ko 'yan garinsu su ji ƙansa. Asibitin gwamnati da aka kafa a garin tun zamanin Turawa, kamar takwarorinsa na sauran garuruwan jirgi, ya tashi ne a kan tsarin da majinyaci ke samun gado da magani da abinci a wuri ɗaya.

Likitocin wancan zamani gyambo ya ishe su, amma na ƙafa ne, wanda ke cin ƙaurin leburori da manoma. Yana cikin manyan abubuwan da ke kawo mutane asibiti a duk Afirka ta Yamma, kuma sun lura cewa ya fi kama wanda ba ya samun cima mai kyau. Daga nan aka fara leƙa tukunyar talaka. Dakta W. E. McCulloch, wanda ya yi aiki a Katsina, ya wallafa bincikensa kan abincin Hausawa da Fulanin gida a 1929 da 1930, inda ya nuna hatsi ya yi yawa a kwano, nama da nono da wasu sinadarai sun yi kaɗan. Bayan shekara ashirin, a 1949, Dakta B. M. Nicol ya fitar da nasa kan manoman yankunan Bida da Kontagora da Zuru, maƙwabtan Minna ke nan. Ya auna abin da suke ci, ya duba jikinsu, ya mai da hankali kan ƙarancin bitamin A da riboflabin. Abin da waɗannan bincike ke nufi ga ɗakin majinyata a fili yake. Manomin da aka kwantar, tun kafin ciwo ya kayar da shi ba shi da rarar tsoka da jiki zai ci.

A can Turai ma an daɗe ana kai-kawo kafin a yarda cewa ciki na da hannu a gyambon kwanciya. Cutar tsohuwa ce ƙwarai, don an ga alamarta a gawar wata tsohuwa ta zamanin Fir'aunonin Masar, masu shirya gawar sun rufe wuraren da fatar barewa. A 1569 aka kira likitan fiɗa na Faransa, Ambroise Paré, ya duba wani basarake matashi da harsashi ya farfasa wa ƙashin cinya. Ya same shi ya yi watanni a kwance, ya rame ƙangayau, ga gyambo mai faɗin tafin hannu a bayansa. Paré ya sa aka sauya masa shimfiɗa mai tsabta, aka yi masa matashi mai laushi domin wurin ya daina taɓa gado, sannan ya tsara masa ci: romon nama mai kauri, ƙwai, da sauran abin da zai mai da shi hayyacinsa. Basaraken ya tashi. Duk da haka, bayan shekara ɗari uku, babban malamin jijiyoyi na Paris, Jean-Martin Charcot, yana koyar da cewa lalacewar jijiya ce ke haifar da gyambon kai tsaye, kuma in ya bayyana mutuwa ta matso. Koyarwar ta yi ɓarna, domin abin da aka ce ba makawa ba wanda zai wahalar da kansa wajen hana shi. Florence Nightingale ta tsaya a ɗaya ɓangaren. A littafinta na 1859 kan aikin jinya ta ɗora alhakin gyambon a kan kulawa, ba a kan cutar ba, ta kuma yi dogon bayani kan majinyatan da ke ramewa da yunwa alhali ga abinci a gefensu, don ba wanda ya kula da lokacin da za su iya ci.

Hujjar awo ta zo a 1943. Likita John Mulholland da abokan aikinsa a New York sun gwada jinin masu gyambon kwanciya suka ga furotin ɗinsu ya yi ƙasa, da aka ƙara musu shi a abinci sai ramukan suka fara cikowa. Shekara guda bayan haka Ludwig Guttmann ya buɗe sashen masu raunin laka a Stoke Mandeville ta Ingila, ya kafa dokar da har yau kowace nas a Minna ta haddace: a juya majinyaci duk bayan awa biyu, dare da rana.

A shekarun bayan samun 'yancin kai, manyan asibitocin gwamnati a Arewa suna da ɗakin girki da kuku-kuku a cikin ma'aikatansu. Da safe a turo amalanken koko ko shayi da burodi, da rana shinkafa ko wake, da dare tuwo da miya da ɗan yankan nama. Ba abincin sarauta ba ne, amma yana zuwa a kan lokaci, kuma sista mai kula da ɗaki tana ganin kwanon da ya koma ba a taɓa ba. Likita na iya rubuta a ƙara wa wane ƙwai da madara, a kuma ƙara. A ranar 3 ga Fabrairu 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta ƙirƙiro Jihar Neja, Minna ta zama babban birni, jama'a suka ninka, motoci suka yawaita a hanyoyin Bida da Suleja da Kontagora. Kuɗin man fetur na nan a lokacin, amma bai daɗe ba. Sanarwar juyin mulkin 31 ga Disamba 1983, wadda Birgediya Sani Abacha ya karanta, ta ambaci cewa asibitocin ƙasar sun koma wuraren ganin likita kawai, ba magani ba kayan aiki. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida, ɗan Minna, ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu na SAP. Darajar naira ta faɗi, kason lafiya ya ƙanƙance, aka koma majinyaci ya biya kuɗin kati da na gado da na magani. A irin wannan hali ɗakin girki ne ke fara shan wuƙa, domin ba a ɗaukar tuwo a matsayin magani. A asibitocin jihohi da dama murhu ya mutu a hankali, a wasu kuma ya koma sai wanda ya biya.

Nauyin sai ya faɗo kan mai jinya. Ita ce matar ko 'yar ko ƙanwar da ke shimfiɗa tabarma a baranda, ta yi wanki, ta zubar da fo, ta je kantin magani, ta nemo abinci. A ɗakin maza sau da yawa ɗa ne ko ƙane, wanda bai taɓa ɗora tukunya ba, sai abin da ya sayo a bakin ƙofa. Yawancin abin da mai gyambon kwanciya ke ci a yau daga hannun waɗannan mutane yake fitowa, kuma ba wanda ya zaunar da su ya koya musu. Zancen da ake yi a bakin gado kusan iri ɗaya ne kullum.

"Malam, me Baba ya ci yau?"

"Ya sha kunu, Sista. Da rana ma ya ɗan sha shayi."

"Kunun me?"

"Na tsamiya. Shi kaɗai yake karɓa."

A yi lissafi a gani. Ƙa'idar da ƙungiyoyin masana gyambon kwanciya na Turai da Amurka da yankin Pasifik suka fitar tare a 2019 ta ce babban mutum mai wannan gyambo, in yana cikin haɗarin tamowa, yana buƙatar kalori 30 zuwa 35 da furotin giram 1.2 zuwa 1.5 a kan kowane kilo na nauyinsa a kullum. Dattijo mai kilo 60 ke nan yana neman kalori 1,800 zuwa 2,100 da furotin giram 72 zuwa 90. Kofin koko ko kunun tsamiya tsararo da ƙyar ya ba da furotin giram 2. Dafaffiyar doya, abin alfaharin ƙasar Gwari, giram 100 nata bai kai giram 2 ba. Lemon kwalba sukari ne da ruwa. Mutum na iya shan kunu kofi shida, cikinsa ya cika, 'ya'yansa su ce alhamdu lillahi yau Baba ya ci, alhali bai samu ko kashi ɗaya cikin biyar na abin da ramin bayansa ke nema ba. Jiki kuwa ba ya jira. In bai samu a kwano ba sai ya juya kan tsokar cinya da ta ɗuwawu, matashin da Allah ya yi wa ƙashi ya ƙara sirancewa, sabon gyambo ya buɗe a wani wurin. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa da ƙarfi ba. Wanda ba ya iya riƙe bayan gida da fitsari, ciyar da shi na nufin ƙarin wanki da ƙarin kuɗin famfas. Wasu masu jinya, don gajiya, sukan rage masa ci da sha. Sau da yawa ma shi majinyacin ne ke ƙin ci da gangan. Dattijon da ya yi shekara saba'in da mutuncinsa, yau 'yarsa ce ke share shi, sai ya kau da kai daga cokali ya ce ya ƙoshi. Wannan kunya ce, ba rashin marmari ba, kuma faɗa ba ya maganinta. Abin da ke aiki shi ne labule, da samun namiji ya kula da namiji, da lallashi irin na "Baba, daure ka ƙara cokali ɗaya saboda Allah." A wasu gidajen kuma ana hana mai rauni gyaɗa da ƙwai da duk wani maiƙo, wai suna sa mugunya. Ƙwayoyin cuta ne ke kawo mugunya. Wannan hani yana raba majinyaci da abinci mafi araha da zai taimake shi.

Abin da ke da ciwo a lamarin shi ne Jihar Neja ba ta rasa abin da ake nema ba. Wanda ya zaga Kasuwar Kure ko Kasuwar Gwari zai same shi jibge. Busasshen wake na ɗauke da furotin wajen giram 23 a cikin 100, gyaɗa wajen 25, waken suya ya haura 35. Ƙuli-ƙulin Bida, wanda aka san Nufawa da shi a duk ƙasar nan, tunda an matse mansa ya fi ɗanyar gyaɗa furotin, kuma in aka daka shi ya yi laushi yana shiga kunu ya ɓace. Ga busasshen kifi daga Shiroro da Kainji, wanda fiye da rabin nauyinsa furotin ne, a cire ƙaya a daka a zuba a miyar kuka ko kuɓewa. Ga kindirmo da cuku a ƙwaryar matan Fulani. Ga awara, wadda ta bazu a Arewa har ta zama abin saye a kowane lungu. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, kofin madara wajen 8. Kunun gyaɗa da aka dama da kauri aka zuba masa madara, alala mai kifi, ɗanwake da ƙwai, faten doya da aka cika da wake da alayyafo: duk abinci ne mai laushi da marar haƙori zai iya ci, kuma kowanne ya ninka kunun tsamiya sau da yawa. Lemon zaƙin 'yan dubiya shi ma yana da aikinsa, tare da gwaiba da zogale, saboda sai da bitamin C jiki ke saƙa zaren da ke haɗe bakin rauni. Matuƙan jiragen ruwan Ingila na ƙarni na 18 da suka yi watanni ba ɗanyen ganye ba 'ya'yan itace sun ga tsofaffin tabonsu na shekaru suna sake buɗewa.

Wanda ba ya iya ci da yawa a zama ɗaya, a ba shi kaɗan-kaɗan sau shida ko bakwai, a tashe shi zaune, a ɗan zuba man gyaɗa ko manja domin ƙarin ƙarfi. Ruwan sha ma kada a yi masa rowa, balle a zafin Minna na watan Maris.

A nan dole a yi hattara, domin ba kowane majinyaci ne za a ɗura wa wake da kifi ba. Mai ciwon ƙoda, yawan furotin na iya jefa shi cikin wani halin, sai likita ya ƙayyade. Mai ciwon sukari ba a cika masa kunu da sukari da Maltina, don sukarin da ya hau shi kansa yana hana rauni warkewa. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye kuma sau da yawa haɗiya na ba shi wuya, abu mai ruwa tsararo ya fi saurin sarƙe shi ya gangara huhu ya zama ciwon haƙarƙari. Irinsa kunu mai kauri ya fi masa, in abin ya ƙi a sa masa robar hanci, a riƙa tace abinci ana ba shi ta nan. Iyalai da yawa na ganin robar nan alamar an fid da rai ce, har su ƙi yarda. Hanyar abinci ce kawai, kuma ana cire ta in haɗiya ta dawo.

Kada kuma a ɗauka abinci shi kaɗai zai rufe gyambo. Mutumin da aka ciyar da kaza kullum aka bar shi kwance a gefe guda cikin jiƙaƙƙen zane, gyambonsa zai ci gaba da zurfi. Juyi, tsabta, busasshiyar shimfiɗa marar tattara, ɗage diddige daga katifa da matashi, wanke ramin da cire mataccen nama, duk tare suke tafiya. A ɓangaren wankin ma Nijeriya ta ba duniya wani abu: a 1988 likita Spencer Efem na asibitin koyarwa na Kalaba ya wallafa yadda ya yi amfani da zuma a kan majinyata 59 masu raunukan da suka ƙi jin magani, har da gyambon kwanciya, 58 daga cikinsu suka samu sauƙi. Ma'aunin Braden, wanda Barbara Braden da Nancy Bergstrom suka fitar a 1987 kuma ake koyar da shi a makarantun jinya, abu shida yake dubawa don gane wanda ke cikin haɗari, cin abinci na ɗaya daga ciki. Wani gwaji da aka yi a Italiya aka wallafa a 2015, a kan majinyata 200 masu gyambo da tamowa, ya nuna waɗanda aka ƙara wa abin sha mai arginin da zinki da wasu bitamin gyambonsu ya ragu da kusan kashi 61 cikin 100 a mako takwas, na sauran kuwa da kusan 45. Irin wannan abin sha na gwangwani ya fi ƙarfin aljihun yawancin masu kwana a barandar asibiti, kuma su ma waɗancan na rukuni na biyu an ba su isasshen furotin da kalori, wanda shi ne matakin da majinyacin Minna bai kai ba tukuna.

Masu raunin laka sun fi kowa shiga uku. Daga inda hatsarin ya faru a kwaso mutum a bayan a-kori-kura, a kai shi asibitin da ya fi kusa, daga nan a turo shi Minna, ko Asibitin Ƙwararru na IBB da ke Chanchaga, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Bida, wani lokaci a ƙara gaba zuwa Gwagwalada ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Wasu iyalan sukan fara biyawa ta wurin maɗori. Kowane zango awanni ne a kan abu mai tauri, ba juyi, ba abin kirki a ciki, ta yadda kafin a kai inda za a yi aikin fata ta riga ta mutu. Makon farko 'yan dubiya har layi suke yi, kowa da ledarsa. Zuwa wata na biyu ƙafa ta ɗauke, an sayar da akuya, an jinginar da gona, kuɗin da ya rage na allura da bandeji ne. Daidai lokacin ne ramin ya fi girma, ya fi neman ci.

Tsadar rayuwa ta ƙara dagula lissafin. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 farashin abinci ya yi tashin gwauron zabo, kuma a Minna ne, a shataletalen Kpakungu, mata da matasa suka tare hanyar Bida a ranar 5 ga Fabrairu 2024 suna kukan yunwa. A tsakiyar shekarar hauhawar farashin abinci a ƙasar ta haura kashi 40 cikin 100. Gidan da masu lafiyarsa suka koma ci sau biyu, ƙwai da madara ne farkon abin da zai ɓace daga kwandon asibiti.

Maido da ɗakin girki irin na da a kowane asibiti abu ne da ke hannun gwamnati, kuma ya cancanci a sa shi a kasafi kamar yadda ake sa magani, ko da ga marasa motsi kaɗai. Kafin nan akwai abin da bai kai haka tsada ba. Jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha, ciki har da ta Kaduna, suna yaye masana abincin marasa lafiya duk shekara, amma kaɗan ne ake ɗauka aiki a asibitocin jihohi, ɗayan da aka samu kuma yakan ƙare a kan masu ciwon sukari da yara masu tamowa. Majinyacin da ba ya motsi ya kamata a auna damtsensa da tef ranar da aka kwantar da shi, tunda ba zai hau sikeli ba, a kuma rubuta abin da ya ci a takardar da ake rubuta zafin jikinsa. Mai jinyarsa kuma a zaunar da ita minti goma, da Hausa ko Gwaranci ko Nufanci, a nuna mata da ludayi da kofi: ga yawan garin ƙuli-ƙulin da za ki zuba, ga kaurin da kunun zai yi, ga sau nawa. Ita ce za ta ci gaba da aikin bayan sallama, domin yawancin masu gyambon kwanciya da ramin a buɗe suke komawa gida, a ɗakin da ba nas ba likita, wani lokaci har tsawon shekara.